Takalman Baranda

Yara uku suka rage min a farkon zangon nan. Uku, a ajin da a da sai na haɗa wasu biyu-biyu a kujera ɗaya. Akwai Sarkin Barci, wanda ko ganga ake kaɗawa a kansa sai ya yi gyangyaɗi. Akwai Ɗan Cizo, sunansa ya isa bayani. Sai 'Yar Tambaya, wadda bakinta ba ya hutawa daga shigowarta har uwarta ta zo ɗaukarta. Sauran sun girma sun tafi firamare. Haka aikin namu yake, sai yaro ya fara daɗin zama sannan zai tafi. A da idan wasu sun fita wasu na shigowa, amma tun da aka buɗe babbar makarantar nan ta tsallaken titi, mai motar ɗaukar yara da katanga mai zanen raƙumin dawa, fita kawai ake yi.

Makarantar tawa ɗakuna biyu ne na gaban gidana, da baranda mai kallon layi, da ɗan tsakar gida mai lilo ɗaya wanda marigayi maigidana ya haɗa da hannunsa. Bayan na bar koyarwa a firamare na buɗe ta, da ya rasu kuma ita ta riƙe ni. Da safe gida ya cika da kuka da waƙa da "Malama zan yi fitsari", da rana a kwashe su. In share, in wanke kofuna, in jera kujeru, sannan in zauna ina sauraron ƙarar firij har Allah Ya kai mu wata safiyar.

Ɗa ɗaya gare ni. Injiniya nake ce masa tun yana ƙarami, lokacin da ya kwance rediyon babansa ya kasa mayarwa. Yana wani gari mai nisa shi da matarsa. A watannin baya na zame a banɗaki ranar da babu makaranta, na daɗe a ƙasa kafin in ja jiki in kai ga waya. Tun daga nan ya sa ni gaba.

"Mama, ya isa haka. Ki rufe makarantar nan ki dawo wurinmu. An gyara miki ɗaki."

Na san ɗakin. Na taɓa yin hutu a cikinsa. Can saman bene yake, tagarsa na kallon bangon wani benen. Da sassafe su biyun za su fita aiki su ja ƙofa, ba yaro ba maƙwabci, ko kaza ba ta kuka. Ranar da na baro shi sai da na yi hamdala a cikin mota.

"Yara nawa ne yanzu?" ya ce.

"Uku ne," na ce.

"Saboda yara uku za ki zauna ke kaɗai a gidan nan har ki sake faɗuwa?"

Ni kuwa ba a min irin wannan magana in haɗiye. Na ce, "Ka ba ni zangon nan. Idan aka yi hutu ba su kai goma ba, ni da kaina zan ɗaure kayana, ba sai ka roƙe ni ba."

"Alkawari, Mama?"

"Yaushe ka taɓa jin na yi magana biyu?"

Ina ajiye wayar na san bakina ya ja min. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Surukata, Allah Ya yi mata albarka, ba ta son ganina cikin damuwa, ko da yake ita ma so take in koma wurinsu. Ita ta riƙa kirana tana faɗa min dabarun da mutum zai tallata makaranta ba tare da ya kashe ko sisi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan magani.

Na rubuta sanarwa da hannuna, da rubutun allo mai kyau irin namu na da, na kai asibitin unguwa inda mata ke kai yara awo da rigakafi, na manna a allon sanarwa. Da na koma dubawa, wani mai neman 'yar aiki ya manna tasa a kan tawa, sunan makarantar ne kawai ke leƙowa ta sama.

Surukata ta sa ni a guruf ɗin matan unguwa na waya. Na zauna na tsara magana, na goge, na sake tsarawa, na tura. Kafin in ɗaga kai wata ta turo hoton zannuwan gado na sayarwa, wata barka da safiya mai furanni, wata bidiyon maganin rage tumbi. Mutum ɗaya ce ta ɗaga min babban yatsa, da na duba kuma surukar tawa ce.

Sai ta ce in sa ranar da iyaye za su zo su ga makaranta da idonsu. Na sa ranar Talata da hantsi, don in nuna musu yadda ake karatu. Ni a kaina malama, lokacin makaranta shi ne lokaci. Ban tuna cewa uwar da ke neman inda za ta ajiye yaro da hantsi, ita ma a lokacin tana wurin aiki ba. Na goge tagogi, na manna zanen yara a bango, na zuba biskit a faranti. Mutum ɗaya ya zo, Mai Kanti na tsallaken layinmu, wanda autansa ma ya yi gemu. Ya zauna a kujerar yara gwiwoyinsa har haɓa, ya cinye rabin biskit ɗin da a wurinsa na saya.

Na ma gwada fita da yaran mu zaga layi muna waƙa, don a san muna nan. Yara uku ba sa yin layi. Sarkin Barci ya ƙare a kafaɗata, Ɗan Cizo ya kama hannun 'Yar Tambaya da haƙori, wata tsohuwa da ke zaune a ƙofar gida ta ce min, "Sannu da jikoki." Na amsa mata, muka dawo.

Washegari na je sayen sabulu, Mai Kanti ya dube ni ya ce, "Malama, in faɗa miki gaskiya ba za ki ji haushi ba?"

"Zan ji. Faɗi."

Shagonsa cike yake har rufi, kwali kan kwali, mutum ya ɗauka jirgi aka sauke masa. Ya miƙa hannu ya zaro ɗaya daga sama, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya wurga min. Babu komai a ciki. Ya nuna na kusa da shi, da na samansa, ya ce duk haka suke.

"Mutum ba ya shiga shagon da babu kaya," in ji shi. "Ido ke fara saye kafin aljihu. Ke kuma dubi ƙofarki daga nan."

Na waiwaya. Yarana a baranda suke cire takalma kafin su shiga aji, saboda shimfiɗar da ke ƙasa. Daga shagonsa na hango su, takalma ƙafa uku a wancan dogon barandan, kamar an manta da su.

"Wa zai kawo ɗansa inda kowa ya gudu? Ba ki da tsofaffin takalman yara?"

"Ni ce zan yi ƙarya da takalmi? Da furfurata?"

"Wa ya ce ki yi magana? Ajiyewa kawai za ki yi."

Na ce masa Allah Ya shirye shi, na ɗauki sabuluna na tafi. Amma ina da su, kuma ya san ina da su. Duk mai irin aikinmu tana da kwalin nan. Yaro zai yi barci a saɓa shi a kafaɗa a tafi, a bar takalmi. Wata uwar za ta kawo na canji ta manta har ƙafar ta fi shi. Wani zai ɓoye nasa bayan kabad, ba za a gani ba sai ya shiga aji biyu a firamare. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba, ina cewa wata rana za a zo nema.

Da yamma na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado na zazzage a tsakar gida. Ashe na san mai kowane. Ga jan sandal na wata da ba ta cin abinci sai an yi mata jiniyar mota. Ga silifas na tagwayen da suke musanya ƙafa ɗai-ɗai don su rikita ni. Ga wani mai fitila a dunduniya, wanda mai shi ya yi ta buga ƙafa a ƙasa har fitilar ta mutu. Na wanke su da burushi ina magana da su, ni kaɗai a gidan, babu wanda zai ce tsohuwa ta zare. Kewar yaran ta kama ni sosai a ranar.

Da safe na jera su a baranda. Da farko na jera su tsaf, sai na ga ba haka yara ke yi ba. Na hargitsa su, na kifa wannan, na jefa wancan gefe, na raba wani da ɗan'uwansa. Labulen tagar da ke kallon layi dama a sauke yake saboda rana, na ƙara ja shi da kyau. Na raba wa yaran nan uku gwangwanaye da cokula, muka yi waƙar ƙirge. Wanda bai sani ba zai rantse mun kai ashirin, don Ɗan Cizo shi kaɗai ya isa mutum biyar.

Uwar 'Yar Tambaya ta tsaya tana kallon barandan da ta zo ɗaukarta. Na ce shanya na yi. Ta dube ni, ta dubi takalman da suka bushe ƙayau, ta ce, "To, Allah Ya busar, Malama."

Abin ya yi kamar zai yi aiki. Ta gefen labule nake leƙe, ina ganin mata na rage tafiya idan sun zo daidai ƙofata. Wata ta tsaya da goyo, ta daɗe tana kallo. Wasu biyu suka nuna barandan suna magana. Na riƙa gyara ɗankwali, ina jiran ƙwanƙwasa ƙofa. Sai su wuce. Mai Kanti ya ce in yi haƙuri, ba a shuka yau a girbe yau.

A cikin masu wucewar akwai wata nas, sabuwar zuwa unguwar, da farin kayan aiki da ɗan yaronta riƙe da hannu. Kullum sai ta kalli barandana, sannan ta ja shi su tsallaka titi zuwa babbar makarantar, yana turjewa yana kuka. Na tsane ta ba tare da mun taɓa ko gaisawa ba. Na ce a raina, ga irinsu nan, sai inda aka yi fenti da mota, mu namu ya yi musu ƙauyanci. Har suna na sa mata, Hajiya Tsallake.

Wata rana ina kwashe takalman bayan an tashi, uwar 'Yar Tambaya ta makara, yarinyar na zaune a dakali tana kallona.

"Malama, ina masu takalman nan?"

"Sun girma."

"To me ya sa ba su zo sun ɗauka ba?"

"Ba za su shige su ba yanzu."

"To wa kike ajiye wa?"

Na ce ta tashi ta ɗauko jakarta. Yarinyar nan da lauya za ta zama da an huta.

Injiniya na kira yana tambayar yadda ake ciki, ina ce masa ana ta zuwa dubawa. Ba ƙarya na yi ba, dubawar ana yi, daga waje. Zango ya raba tsakiya ya gangara, kujeruna na nan yadda suke. Da rana idan gida ya yi tsit sai in shiga ɗaya ajin da na daina buɗewa, in goge ƙura a teburan da babu mai ɓata su, in fito.

Ranar da abin ya fashe, ruwa ne ya sauko da safe ba sallama, da iska mai kaɗo shi har cikin baranda. Na fito da gudu ina kwashe takalma, sai na ga mutum a raɓe a jikin bangona. Hajiya Tsallake ce da ɗanta, sun fake, farin kayanta ya fara jiƙa.

"Ina kwana, Mama. Kawo in taya ki, kar yara su rasa na sawa."

Kafin in ce uffan ta tattaro su cike da hannu biyu, ta tura ƙofar ajin da kafaɗa ta shiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bi bayanta da nawa a hannu.

Ta tsaya a tsakiyar ajin. Sarkin Barci na kwance a kan shimfiɗa, Ɗan Cizo na tauna murfin gora, 'Yar Tambaya ta ɗago kai tana ƙare mata kallo.

"Sauran suna ɗaya ɗakin ne?" in ji nas ɗin.

"Babu kowa a can sai kujeru," in ji 'Yar Tambaya. "Masu takalman sun girma."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ajiye takalman a kan tebur na ce, "Su ke nan, 'yata. Su uku ne."

Ban san me na zata za ta yi ba, dariya ko tsaki. Sai ta nemi kujerar yara ta zauna, takalman na kan cinyarta.

"Mama, ni fa nan na so kawo shi. Na ga sunan makarantarki a allonmu na asibiti, na ɗaga takardar da aka manna a kai na karanta. Yaron nan ba ya son hayaniya, can ɗin kullum da kuka nake barinsa, da kuka nake ɗaukarsa. Ƙaramin wuri nake nema kusa da gida. Da na zo na ga takalman nan, na ji ƙarar da ke fitowa, kuma ke kaɗai nake gani a ƙofa, sai na ce wannan baiwar Allah ta ɗauki fiye da ƙarfinta. Na ji kunyar in ƙwanƙwasa in ƙara miki."

Ruwa na ta dukan kwano.

"Ba shi ke nan ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Matan da ke zuwa awo sun sha tambayata, da yake sun san a layin nan nake. Wasu a waya suka ga saƙonki, wata ta ce ta gan ki kina zagawa da yara kuna waƙa, abin ya burge ta. Ni ce nake ce musu kar su wahalar da kansu, wurin ya cika maƙil. Wasu ma sun zo sun gani da idonsu sun dawo sun ce gaskiyata ce."

"Su nawa?"

"Da yawa, Mama."

Ashe duk abin da surukata ta sa ni yana aiki a hankali, ni ce ban ba shi lokaci ba. Matan da nake leƙe ta labule ina jiran su shigo, wurina suka zo, takalman suka kore su. Garin neman gira na rasa ido. Ga baƙin ciki, ga kunyar yarinyar da na yi ta zagi a raina alhali tausayina take ji. Yaron nata kuwa ya saki hannunta ya je ya tsuguna kusa da Sarkin Barci yana kallonsa, ko kuka bai yi ba.

Ta ce ta riga ta sa shi can har ƙarshen zango, amma za ta gaya wa duk wadda ta gani. Ta ba ni haƙuri har sau nawa, ni da ya kamata in ba ta.

Da ruwa ya ɗauke na mayar da takalman cikin kwali. Na yaye labule, na fito da ƙaramin allo na jingina a baranda, na rubuta AKWAI WURI da manyan baƙaƙe. Sannan na tsallaka wurin Mai Kanti da niyyar in wanke shi tas. Ya saurare ni har na gama, ya sosa ƙeya.

"A kanti dai yana aiki, Malama. Ni ban taɓa jin wanda ya ce shago ya cika ba zai shiga ba."

Nan na fasa faɗan. Shi kwali ya sani, ni ce na san yara da iyayensu, kuma na bi shi.

Bayan 'yan kwanaki shi ne ya kira ni, yana ta kame-kame. Wai mata na tsayawa a shagonsa suna tambaya me ya faru a makarantar Malama aka kwashe yara gaba ɗaya a rana guda. Wata ta ce ciwo ne ya ɓulla. Wata ta ce ta ji an ce yaro ne ya faɗo daga lilo. Ya rantse yana gaya musu gaskiya, amma gaskiyar ma idan ka faɗe ta ba ta da daɗin ji: tsohuwa ce ta jera takalman da babu masu su. Nas ɗin na iya ƙoƙarinta a asibiti, takan tsaya da safe ta ce min ta yi wa wance magana, wance ta ce sai ta shawarci maigidanta, wance ta ce sai bayan hutu. Kowa ya riga ya ajiye ɗansa wani wuri, ba a cire yaro ana saura ƙiris a rufe.

Ranar hutu na yi wa yarana uku wanka da hoda kamar masu zuwa biki, don sun ɓata jikinsu da fenti. Ɗan Cizo ya rungume ƙafata da zai tafi, na jira haƙori ban ji ba. Da yamma Injiniya ya kira.

"Mama, nawa ne?"

Na iya ce masa ana nan tafe bayan hutu. Na iya ba shi labarin nas da matan awo. Amma wance ta ce da wance za ta yi shawara ba yara ba ne, ni kuma na gaji da nuna abin da babu.

"Uku ne."

Ya ce a hankali, "To Mama. Zan shirya in zo."

Bai yi murna a gabana ba, na ba shi wannan. Cikin hutun ya samo masu haya, mata da miji, mijin mai gyaran waya ne, zai mai da ajin gaba shago. Kujeru da tebura da kwalin takalman na ce a kai gidan marayu. Na ɗaure kayana da kaina kamar yadda na ce.

Ranar tafiya da hantsi motar kaya ta riga ta tafi da kujerun. Mai hayar ya shigo da gwangwanayen fenti ya jera a inda allona yake, ya ɓamɓare zanen yaran daga bango ya tara min a gefe cikin ladabi. Injiniya na ɗaure akwatuna a bayan mota. Ina tsaye a baranda da mabuɗai a hannu, ina jiran in miƙa su, sai ga wata mata ta shigo da 'yar yarinya mai kitso biyu da sabuwar jaka a baya, jakar ta kusa fin ta girma.

"Sannu, Mama. Nan ne wurin Malama? Nas ce ta turo ni, ta ce akwai wuri. Na ce bari in zo tun kafin a koma, kar a cika. Akwai maƙwabtana biyu ma da suka ce in gano musu."

Injiniya ya bar igiyar da yake ɗaurewa ya miƙe. Ya dube ni, na dube shi. Ta cikin taga ina jin mai hayar na jan tsani a kan simintin ajin.

"An rufe, 'yata," na ce. "Yau zan bar garin."

"Ayya," ta ce. Ta leƙa ajin ta ga fenti da tsani, ta sake cewa, "Ayya. Allah Ya sa hakan ne alheri."

Muna wannan maganar ashe yarinyar ta zame daga hannunta. Ta je bakin ƙofar ajin ta zauna a ƙasa, ta cire takalmanta da kanta, ta ajiye su gefe ɗaya a jere, ta miƙe tsaye da safa tana jiran a ce ta shiga. An koya mata a gida, ka gani ka san an yi kwanaki ana gaya mata za ta makaranta.

Uwar ta yunƙura, na ce ta bari. Na durƙusa, gwiwata na ƙara, na ɗora ƙafarta a cinyata na mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure maɗaurin. Tana ta kallon fuskata.

"Ba yau ba ne?" ta ce.

"Ba yau ba ne."

Uwar ta kama hannunta suka fita. Yarinyar na tafe tana waiwaye, jakar na bugun bayan gwiwoyinta. Injiniya ya zo ya ɗaga ni, ya karɓi mabuɗan daga hannuna, ya kai wa mai hayar ya dawo.

"Mama, mu tafi?"

Na ce ya bari in ga sun sha kwana tukuna.